Kar ka sayi akwatin fanel ɗin PLC tukuna, fara da takarda

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimci tambayarka daidai, an baka aikin haɗa fanel na wani ƙaramin layi a masana'anta, wutar 400V mai fes uku, moto uku, biyu zasu bi ta VFD, na'urar da ke sarrafa gudun moto, wato 11kW da 4kW, na ukun ɗan 1.5kW ne da zai tashi kai tsaye ta kontakta, suwic ɗin da koyil ke jan sa, siginar shiga dijital 22, ta fita 12, analog 4 masu 4-20mA, sai HMI, allon da mai tuƙa injin ke dubawa yana bada umarni, a jikin ƙofa, PLC kuma, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, S7-1200 na Siemens mai aikin ya ce yana so. Kana tambaya wane girman akwati zaka saya, kuma yaya zaka jera kayan a ciki.

Toh gaskiya akwatin shi ne abu na ƙarshe a lissafi, duk da dai shi ido ke fara gani. Wanda ya fara da sayen akwati kamar telan da ya yanka yadi ne kafin ya auna mai riga, daga baya sai dabara da ciko. Girman akwati amsa ce da ke fitowa da kanta bayan ka san abu uku: kayan da zasu shiga, zafin da zasu fitar, da kuma filin da hannun mai gyara ke buƙata ranar da injin ya tsaya ana ta kiran waya. In ka riƙe waɗannan ukun sauran duk bin tsari ne.

Fara da jerin sigina, layi ɗaya ga kowace sigina, sunanta, me take yi, dijital ce ko analog, 24V ce ko wani abu daban, sensar PNP ce mai bada 24V in ta kunna ko NPN mai bada 0V, mai waya biyu ce ko uku ko huɗu. Wannan na PNP da NPN kar ka ɗauke shi wasa, kayan Turai yawanci PNP ne, kayan Japan da wasu na Asiya kuma sau da yawa NPN ne, in ka cakuɗa su a rukuni ɗaya na infut to wasu zasu yi aiki wasu su yi shiru kana ta zargin furogiram alhali ba ruwansa. Ni dai in da zaɓi PNP nake bi gaba ɗaya, dalilin zai zo a gaba in mun kai ga maganar atin, wato haɗa layi da ƙasa. Bayan ka gama jerin sai ka ƙara kashi 20 cikin ɗari na rara, don babu layin da ba a zo daga baya an ce a ƙara sensa ɗaya nan, a ƙara fitila ɗaya can ba. Kaga 22 ɗinka ya koma wajen 27, 12 ya koma 15. CPU 1214C, ɗaya daga cikin samfuran S7-1200, yana da shiga 14 da fita 10 a jikinsa, in ka ƙara modul mai 16 da 16 ka samu 30 da 26, ya wadatar. Amma ga wani tarko da ke kama mutane da yawa, analog biyun da ke jikin 1214C na 0-10V ne kawai, ba sa karɓar 4-20mA kai tsaye, don haka sai ka sa modul ɗin analog SM 1231, kuma tunda kana da huɗu cif to ɗauki mai takwas kawai ka huta. Ka kuma duba CPU ɗin da kyau kafin a yi oda, 1212C modul biyu kacal yake ɗauka a damansa, 1214C kuma takwas, bambancin kuɗinsu bai kai ciwon kan canza CPU bayan shekara ɗaya ba.

Sai jerin lodi. 11kW a 400V wajen 21A zuwa 22A yake ja, 4kW wajen 8A da ɗoriya, 1.5kW wajen 3.5A, amma wannan na ƙiyasi ne, abin da ke rubuce a farantin jikin moton shi zaka bi. Kariyar gaban VFD kuma ba daga amfiyar moto ake zaɓenta ba, daga teburin da ke cikin manuwal ɗin VFD ɗin ake ɗauka, in sun ce fis iri kaza to shi zaka sa. Ƙaramin moton kuma MPCB, wato birekar kare moto, da kontakta mai ƙimar AC-3, ka lura da wannan don kontakta ɗaya tana da lamba biyu a jikinta, AC-1 babba ce saboda ta lodi irin na hita ce, AC-3 ita ce ta moto, masu sayarwa kuma sun fi son nuna maka babbar.

Akwai tambayar da kusan ba mai yi sai abu ya fashe: in aka yi shot a wurin da za a kafa fanel ɗin, amfiya nawa zata iya kwarara? Taransifoma mai 1000kVA a 400V da imfidans kashi 6 zata iya turo wajen 24kA a bakinta. Ƙananan bireka da aka saba sawa 6kA ko 10kA suke iya katsewa. In fanel ɗinka yana kusa da taransifoma ka sa irin waɗannan ba tare da wata kariya a gabansu ba, ranar shot ba faɗuwa birekar zata yi ba, tarwatsewa zata yi. Ka tambayi injiniyan wutar masana'antar wannan adadin tun yanzu. A Amurka ma ƙa'idar UL 508A ta sa dole a rubuta a jikin fanel adadin shot ɗin da zai iya jurewa, SCCR suke ce masa, kuma abin da ya fi rauni a layin wuta shi ke yanke ƙimar fanel ɗin gaba ɗaya. In aikinka na bin tsarin IEC ne to littattafanka biyu ne, IEC 60204-1 na kayan lantarkin inji da IEC 61439 na haɗa fanel.

Yanzu zafi, nan ne zan ɗan daɗe don nan ne mafi yawan fanel ke mutuwa a hankali ba a sani ba. VFD yana zubar da wajen kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a matsayin zafi, ainihin adadin yana cikin manuwal amma wannan ya isa a fara lissafi. 15kW ɗinka kenan wajen 450W, ka ƙara na fawa saflai, PLC, koyil ɗin kontaktoci da rile, a ce 500W don sauƙi. A ce ka sayi akwatin da mutane suka fi ɗauka a irin wannan aikin, tsayi milimita 1200, faɗi 800, zurfi 300, an kafe shi a bango. Jikin da ke iya fitar da zafi wajen murabba'in mita 2.3 ne tunda baya ya manne da bango, ƙarfe mai fenti kuma yana fitar da wajen 5.5W a kowane murabba'in mita ga kowane digiri ɗaya na bambanci. 5.5 sau 2.3 ya baka wajen 12.7, ka raba 500 da shi, kusan digiri 39 kenan sama da zafin ɗakin. Wato in ɗakin yana 30 cikin akwatin ya doshi 70. S7-1200 iyakarsa 60 in an kwantar da shi a jere yadda aka saba, 50 in an tsayar da shi, VFD da yawa kuma daga 40 suke fara rage ƙarfin da zasu iya bayarwa. Kuma ko bai mutu nan take ba, kafasitocin cikin VFD da fawa saflai duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ransu kusan biyu, shi ya sa zaka ga diraif, wato VFD, da ya kamata ya daɗe ya fara kawo ƙorafi da wuri a ce kamfanin ne ba kyau.

Toh mafita? In iskar wurin tana da sanyi da tsafta daidai gwargwado, fanka mai filta. Lissafinta mai sauƙi ne, 3.1 sau watt ɗin zafin a raba da bambancin digirin da ka yarda da shi, in kana son ciki ya fi waje da digiri 10 kawai to 3.1 sau 500 a raba da 10, wajen kyubik mita 155 kenan a awa, kuma ka ɗauki wadda ta fi haka sosai don lambar da ke jikin kwali ta lokacin da filta ke sabuwa fil ce, bayan wata biyu labari ya canza. Fankar a ƙasa take tana tura iska ciki, mafita a sama ta ɗaya gefen, kar ka juya, in fanka tana zuƙowa daga ciki to ƙura zata riƙa shigowa ta duk wata kafa da ke jikin akwatin ba ta filta ba. Amma ka sani fanka bata iya sauke zafi ƙasa da na ɗakin, in wurin kansa yana kai 40 ko sama, ko akwai ƙurar ƙarfe, tururin mai ko gari a iska, to na'urar sanyaya fanel ce kawai maganin, akwatin a rufe ruf, a saita ta wajen 35, kar a mai da ita firji don sanyi da yawa raɓa yake kawowa ita kuma raɓa ta fi zafi ɓarna. Wata dabarar kuma, wasu VFD ana iya fasa bayan akwati a fitar da ɓangaren da ke zafin waje, mafi yawan zafin bai ma shiga ciki ba. In kuma akwai rezistar birki, waje take zama ko saman akwati cikin kejinta, ba ciki ba ko kaɗan.

Wannan ya haɗu da maganar IP, lambar da ke nuna yadda akwati ke hana ƙura da ruwa shiga. IP54 ya isa ɗakin da ke da ƙura da ɗan fantsamar ruwa, inda ake wanke wuri da tiyo kuma IP65 ko IP66, bakin ƙarfe marar tsatsa in wurin abinci ne ko sinadarai. Sai dai akwatin IP66 da aka huda aka sa masa fanka mai IP54 ya zama IP54, haka in an bar ramin gilan ɗaya, wato inda kebul ke shiga akwati, a buɗe ya tashi daga aiki.

Sai jeri. Kowa da makarantar da ya fito, wasu sama zuwa ƙasa suke tsarawa, wuta a sama sigina a ƙasa, ni kuma a fanel mai VFD na fi son rabawa hagu da dama, ɓangare ɗaya na 400V gaba ɗaya, ɗayan na 24V da sigina, kowanne da tirankinsa, wato magudanar da wayoyi ke kwanciya a ciki. Dalili shi ne VFD yana buƙatar hanyar iska miƙaƙƙiya daga ƙasa zuwa sama, yawanci milimita 100 ko fiye sama da ƙasa gwargwadon abin da manuwal ya ce, in ka bashi gefe guda nasa to iskarsa mai zafi ta tashi ta fice ba ta bi ta kan kowa ba. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne a ɗora PLC a saman VFD ko saman taransifoma ko fawa saflai, ko a jera VFD biyu ɗaya bisa ɗaya na sama yana shaƙar numfashin na ƙasa. PLC a tsakiyar tsayi, inda ido zai ga fitilunsa ba sai an durƙusa ba, da filin milimita 25 sama da ƙasa kamar yadda Siemens suka ce, kuma ana auna wannan daga jikin PLC zuwa jikin tiranki ne, ni ma nakan ƙara don 25 ta iska ce, yatsa da sukundireba sun fi haka buƙata. Ka bar fili a daman PLC a kan dogon DIN ɗin, ƙarfen da ake maƙala kayan a kai, don modul na gaba, kar ka toshe wurin da rile.

Babban suwic na katse wuta yana ɓangaren 400V kusa da inda kebul ɗin wuta ya shigo, don wayar da ke da rai ko an kashe ta zama gajera kuma a rufe take da murfi. Hannunsa a ƙofa, mai karɓar kwaɗo, IEC 60204-1 ya ce tsakanin mita 0.6 da 1.9 daga inda mutum ke tsayawa, an fi so kar ya wuce 1.7. Tamina kuma a ƙasa in kebul ta ƙasa suke shigowa, kuma ta ƙasa ya kamata su shigo, ramin da aka huda a rufin akwati ko ba daɗe ko ba jima ruwa zai same shi. Tsakanin farantin gilan da layin tamina ka bar wuri mai kyau, aƙalla tafin hannu da rabi, don kebul ɗin moto mai kauri ba ya lanƙwasuwa yadda kake so, kuma wanda zai haɗa su a wurin aiki a tsugune yake ba a kan benci ba.

Tiranki kar ya wuce rabi a cike ranar da ka gama. Na san a zane yana kama da ɓarnar wuri, amma jeka buɗe fanel ɗin da aka cika tirankinsa maƙil, murfin ya ƙi rufuwa an ɗaure shi da igiyar roba ko an jingine shi a ƙasan akwati, wayoyi sun bulbulo waje, in kana bin waya ɗaya sai ka jawo goma, daga nan wata ta zare daga taminarta a ƙara sabuwar matsala kan tsohuwa. Tsakanin tiranki da kayan da ke kan dogo ma a bar wajen milimita 30 zuwa 40 yadda lambar da ke jikin waya zata fito a karanta ta.

Hayaniyar lantarki ita ce abokiyar gaba ta biyu bayan zafi, kuma kusan dukkanta daga kebul ɗin da ya fita daga VFD zuwa moto take fitowa. Wannan kebul ɗin mai garkuwa ne, garkuwar a kama ta da kilam zagaye guda a jikin farantin baya dab da VFD, a can wajen moto ma a kama ta, duka ɓangarorin biyu. Abin nan da ake yi na murɗe garkuwar ta zama kamar wutsiya a cusa ta a tamina, a ido an yi atin amma ga hayaniya mai saurin bugawa kusan ba a yi komai ba. Kar ka bi da shi ta tamina in ba dole, ya tafi kai tsaye daga gilan zuwa VFD. Tsakaninsa da wayoyin sigina aƙalla milimita 200, in dole su gamu to su gicciye juna, kar su jera. Farantin baya kuma wanda ba fenti, mai ruwan zinki, shi ya fi don jikin kowace na'ura ya taɓa ƙarfe kai tsaye, in mai fenti ka samu sai ka kankare wurin da atin zai zauna. Ƙofa ma a haɗa ta da jikin akwati da waya mai faɗi saƙaƙƙiya, hinji ba atin bane. Analog ɗinka kebul mai murɗaɗɗun wayoyi biyu da garkuwa, an saba kama garkuwar a gefen fanel kawai sai in mai na'urar ya ce duka biyu kuma atin ɗin masana'antar a haɗe yake da kyau. In kaga karatun sensa yana rawa daidai lokacin da moto ya tashi, kar ka je furogiram ka sa tacewa ka rufe ido, je ka duba inda kebul ya bi.

Abu biyu kan VFD kafin na wuce. Kar ka sa kontakta tsakaninsa da moto tana buɗewa yana cikin gudu, kuma kar ka riƙa kunna shi da kashe shi ta hanyar yanke masa wuta, umarni ake bashi ta sigina ko ta sadarwa. In kuma dokar wurin ta ce a sa RCD, na'urar da ke yanke wuta in ta zurara zuwa ƙasa, a gabansa to nau'in B ne ga mai fes uku. Ka manna gargaɗi a kusa da shi, cikinsa akwai sama da 500V na DC da ke zama a kafasita bayan an kashe wuta, minti biyar ko fiye gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa, a auna kafin a taɓa.

Bangaren 24V. Ka tara abin da kowa ke ja daga takardar bayaninsa, ka ƙara kashi 25 zuwa 30. Ɗan 24V ɗin da ke fitowa daga jikin CPU 400mA ne kawai a 1214C, kar ka ɗora masa HMI da bawul. Inda aka fi yin kuskure shi ne kariya, a ɗauki fawa saflai mai 10A a jera masa bireka C6, wato nau'in C mai 6A, a bayansa a ce an raba layi. Birekar C sai ta ga ninki 5 zuwa 10 na ƙimarta kafin ta faɗi nan take, a DC ma ya fi haka, fawa saflai kuma ba zai iya turo 30A zuwa 60A ba sai dai ya durƙusa, kaga shot a sensa ɗaya can a waje ya kashe PLC da HMI da komai birekar na tsaye abinta. Maganin shi ne na'urar kariya ta lantarki mai tashoshi, ko ƙananan fis masu saurin tsinkewa a tamina masu fitila, PLC layinsa daban, HMI da suwic ɗin sadarwa daban, sensoshin waje daban, abubuwan fita daban. Bawul ɗin haidirolik ɗaya na iya cin wajen 30W, in suna da yawa gara a basu nasu fawa saflai. Sannan 0V a haɗa shi da atin a wuri ɗaya tak kusa da fawa saflai, koyil ɗin kowace na'ura gefensa ɗaya a 0V, suwic a gefen 24V. Amfanin haka, in waya ta goge ta taɓa jikin inji fis ne zai tsinke, ba moto ne zai tashi da kansa ba, wannan ne dalilin da na ce na fi son PNP, a tsarin NPN wayar sigina da ta taɓa ƙarfe PLC gani yake sensa ce ta kunna.

Fita ta taransista 0.5A take ɗauka, ta rile 2A. Duk abin da ya fi ƙaramar fitila ni ta ƙaramin rile mai zarewa nake bi da shi, sirara ne milimita 6 da ɗan kai, in ya ƙone a zare a sa wani cikin minti ɗaya maimakon a canza modul. Kowane koyil kuma da abin kashe tartsatsinsa, dayod ga na DC, RC ko barista ga na AC.

Tsayawar gaggawa ba aikin S7-1200 na yau da kullum bane, ko da furogiram ɗinka ya kai ina wajen kyau. Maɓallin ja mai kan naman kaza da launin rawaya a bayansa, layi biyu rufaffu zuwa rile na tsaro, shi zai yanke kontaktoci ya kuma buɗe STO na VFD ɗin, wato layin da ke hana shi ba moto ƙarfi, PLC kawai a bashi labari ta infut ɗaya don ya nuna a HMI. Matakin tsaron da ake buƙata daga nazarin haɗarin injin yake fitowa, ISO 13849-1 ya jera su daga PL a zuwa e, ba abin da ake cinta bane. In ana son a yi tsaron a cikin PLC to sai CPU mai F, wato wanda aka ƙera don aikin tsaro, da modul ɗinsa. Ko maɓallin tsayawa na yau da kullum ma rufaffe ake sawa, yadda in waya ta tsinke inji tsayawa zai yi, ba ƙin tsayawa ba.

Kalar waya bisa IEC 60204-1: baƙa ta wutar ƙarfi, ja ta sarrafawa in AC ce, shuɗiya in DC ce, shuɗi mai haske nitiral, kore da rawaya atin ne shi kaɗai ba a ara shi. Sai lemo, wannan ita ce ta layin da ke da wuta ko an kashe babban suwic, kamar siginar da ta fito daga wani fanel ko fitilar cikin akwati, ita ce ke hana mutum ya saki jiki. Wayar sarrafawa mai murabba'in milimita 0.75 ko 1.0 ta isa, kowace da ferul da lamba a kai biyu, lambar ta yi daidai da zane harafi da harafi, waya ɗaya a rami ɗaya, in dole biyu to ferul mai baki biyu. Lakabin na'ura kuma a manna shi a faranti ko kusa, ba a murfin tiranki ba, murfi musanyawa ake yi, kuma ba a jikin na'urar kaɗai ba don ranar da aka canza ta sunan ya tafi da ita. Ga sensa mai waya uku akwai tamina mai hawa uku, tana rage wuri sosai, ga analog kuma mai wuƙar katsewa don a sa mita a auna mA ba sai an kwance waya ba.

Sadarwa ba doguwar magana, Profinet kebul ɗin masana'anta mai garkuwa, iyakarsa mita 100 tsakanin na'ura da na'ura, kar ya kwanta a tirankin 400V. In VFD ɗin ta Modbus RTU zaka yi magana da su to a jere ake ɗinke su ɗaya bayan ɗaya da rezista mai ohm 120 a ƙarshe biyu. Ka bar rami ɗaya a suwic don kwamfutar mai gyara. Ƙananan abubuwan da ake mantawa, fitilar ciki, soket, aljihun zane a ƙofa, rile mai lura da fes, abin kare tsawa da hauhawar wuta, hita da na'urar auna laima in wurin na yin raɓa. HMI kuma yana da zurfi a bayan ƙofa, haka maɓallai, ka auna kar ƙofa ta zo rufewa ta daki fuskar VFD, zurfin 300 da diraif mai 11kW sau da yawa a takure suke, 400 ya fi kwanciyar hankali.

Sai yanzu zaka zana farantin da ainihin ma'aunin kowane abu, a EPLAN ko AutoCAD Electrical, in babu QElectroTech kyauta ne, ko ma ka yanka kwali daidai girman kayan ka jera a kan tebur. Ka bar kashi 20 na farantin fayau. Adadin da ya fito shi ne akwatinka, kuma a yadda ka kwatanta aikin ina kyautata zaton zaka tsinci kanka a mai tsayawa a ƙasa, irin 1800 ko 2000 da faɗin 800, kan gindi mai milimita 100 ko 200 don kebul su samu wurin juyawa. Duk huji da yanka a gama su kafin a ɗora na'ura ko ɗaya, ɗan ɓarɓashin ƙarfe guda da ya faɗa ta ramin iskar VFD ya isa.

Kafin a bashi wuta, a bi kowace waya da mita ana yi wa zane alama, a gwada atin daga babbar tamina zuwa ƙofa da faranti da kowane jikin ƙarfe, a ɗaure tamina masu ɗaukar wuta da ma'aunin ɗauri yadda aka rubuta. Gwajin rufin waya da 500V DC ne, kada ya gaza megohm 1, amma a cire VFD, fawa saflai, PLC da abin kare tsawa daga layin kafin a danna. Ranar kunnawa duk bireka a ƙasa, a ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ana aunawa, 24V a tabbatar da shi kafin ya isa PLC, sannan a gwada sigina ɗaya ɗaya daga tamina, tsayawar gaggawa kuma a gwada ta kafin moto ya fara juyawa. Bayan layin ya yi awa ɗaya ko biyu da cikakken lodi ƙofa a rufe, ka buɗe ka duba da kyamarar zafi, ka rubuta zafin saman akwati da na kusa da PLC a takardar miƙa aiki, duk abin da aka canza a wurin kafawa kuma a gyara shi a zane kafin a sa kwafin a aljihun ƙofa tare da ajiyar furogiram da saitin VFD biyun.